Hannun Masunci

Warin bilic ne ya fara dukan hancin Maulud tun daga bakin ƙofar falon, kafin ma idonsa ya kai kan tankin. Cak ya tsaya, ledar kokwamba a hannunsa.

Tankin kifin Abu Salih, wanda tsawonsa ya kai na gadon mutum ɗaya, sai ƙyalli yake yi kamar yau aka fito da shi daga kanti. Babu ko ɗigon gansakuka a jikin gilashin. Baƙin kututturen nan da ke kwance a tsakiya shi ma babu shi. Ruwan garai-garai. A can kusurwa kuma ga kifin ya kife, cikinsa a sama, zagayayyen bakinsa a buɗe.

"Basarke, ka ga aiki ko?"

Bachir ne, direban gidan, mutumin Damagaram, ya shigo yana goge hannu da tsumma, fuskarsa cike da fara'a. Shekararsa ashirin da biyu yana jan motar Abu Salih, furfura ta cinye masa gemu a wannan gida na unguwar Malaz, nan ƙasar Larabawa. Basarke yake kiran Maulud, don ɗan masunta ne.

"Tun bayan asuba nake fama. Na ce yaron nan ranar Asabar za a duba aikinsa, ga gilashi ya yi kore shar kamar bayan randa. Na kwashe ruwan tas, na sa sabulu da bilic, na cika daga famfo. Ruɓaɓɓen itacen nan ma na kai shi shara. Ba sai ka gode ba."

Maulud ya ajiye ledar. Ya naɗe hannun riga, ya zura hannu har kafaɗa, ya ɗago kifin. Ya riga ya sandare.

"Barci yake," in ji Bachir, amma muryarsa ta fara sauka. "Ai kullum haka yake, ba ya motsi."

"Malam Bachir, koren nan da ka kankare shi ne tuwonsa. Itacen nan shi ne ɗakinsa, shi yake gwaguya. Ruwan famfo kuwa sai ya kwana biyu a durom, an sa masa magani, kafin ya taɓa jikinsa." Maulud ya ɗago ya kalle shi. "Ka kashe shi. Ni ma ka kashe ni."

Bachir ya zame ya zauna a hannun kujera.

Babu abin da bai sani ba game da halin da Maulud yake ciki. Shekara shida Maulud na aiki a wani ƙaramin kamfani mai kula da tankunan kifi a ofisoshin unguwar Ulaya da gidajen masu hali. Yanzu kamfanin ya rufe. Kafil ɗinsa, wato ubangidan da iƙamarsa ta izinin zama ke hannunsa, ya faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: zuwa ranar Lahadi, in bai sami wanda zai karɓi kafalarsa ba, zai buga masa huruj, fita ba dawowa. Ya zaga gida goma sha ɗaya, kowa sai ya ce Allah ya kawo mafita. Abu Salih ne kaɗai ya tsaya ya saurare shi. Tsohon zai tafi Dammam wajen 'yarsa a cire masa yanar ido, sai ya nuna tankin da sandarsa ya ce, "Ka riƙe mini shi mako guda. In na dawo ranar Asabar na same shi lafiya, a gabanka zan danna amincewa da kafalarka a waya, ka zama ɗan gidan nan."

Yau Alhamis.

Maulud ya shimfiɗa gawar a kan jarida. Larabawa zabbal suke ce masa, wato mai kwashe shara, don aikinsa ke nan, ya manna baki a gilashi yana lashe datti. Ba shi da ɓawo irin na karfasa, sulke ne a jikinsa, faranti-faranti kamar bayan kada, da zane baƙi da ruwan ƙasa. Bakin a ƙasa yake, a zagaye. Ƙayoyi uku gare shi masu kauri: ɗaya a baya mai ɗaga fiffike kamar tuta, biyu a gefe. Asalinsa daga kogunan Kudancin Amurka ne, shi ma kawo shi aka yi aiki. Marigayiya matar Abu Salih ce ta sayo shi bai fi ɗan yatsa ba, shekara goma sha huɗu da suka wuce. Yanzu tsawonsa ya kai daga gwiwar hannun Maulud zuwa ƙarshen yatsunsa. Tun da ta rasu, da shi tsohon yake hira bayan la'asar.

"In ya ji ni ne, kora ta zai yi," Bachir ya faɗa a hankali. "Ina zan je da wannan furfurar?"

Wayar Maulud ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga matarsa Zouera. Ya kara a kunne duk da ya san abin da za ta ce. Wata takwas ke nan tun da 'yan bindiga suka tashi tungarsu ta masunta a bakin kogi, can ƙasar Yawuri, ita da yara uku suna zaune a wani ajin firamare da aka raba da buhu.

"Baban Talle, ya maganar takardar? Don Allah ka riƙe wurin nan da hannu biyu. Kar ka ce za ka dawo, babu inda za ka dawo. Jiya ma an ce a kwashe mu daga makarantar in an koma karatu."

Ya mayar da wayar aljihu. Ya kalli kifin, ya kalli Bachir.

"Tashi ka ɗauko mukullin mota."

Kanti bakwai suka shiga kafin magariba. Ko'ina zabbal na nan birjik, amma duk 'yan ƙanana, wasu kamar ɗan yatsa, babbansu bai wuce tafin hannu ba. A kanti na bakwai, mai sayarwar, wani ɗan Yaman mai ƙaton tumbi, ya kalli hoton da Maulud ya nuna masa a waya ya yi dariya.

"Wa zai ajiye wannan ƙato a kanti? Mutane na saye yana ƙarami, in ya girma ya ishe su sai su kai shi kwari su zubar. Ka je kwarin Wadi Hanifa, can kudu wajen Ha'ir. Sun hayayyafa a can, har ramuka suke haƙa a gaɓa."

Maulud ya matso kusa da shi.

"Ramuka ka ce?"

"Ramuka. Amma ba sa cin ƙugiya, kar ka wahalar da kanka."

A mota Bachir ya ce, "To, da me za mu kama shi?"

Maulud ya buɗe tafin hannunsa na dama. Akwai wani tsohon tabo a tsakiya, inda ƙayar ƙurungu ta taɓa huda shi ta ɓulla ta baya.

"Da wannan. Mu a gidanmu kafin a ba ka komar kamun kifi sai ka iya lalube."

Kafin su rabu a ranar sai da suka tono kututturen daga cikin sharar unguwa, suka ɗauraye tankin sau biyar, Maulud ya cika shi da ruwan da ya tanada a durom. Gawar kuwa Bachir ya binne ta a gindin dabinon bayan gida, yana ta istigfari.

Juma'a da hantsi suka bar gari. Gine-gine suka ƙare, ɗakunan ajiya suka ƙare, sai duwatsu da rairayi, sannan kwatsam sai ga kore: ciyayi dogaye sun fi mutum tsayi, da ruwa yana gudu a tsakaninsu, ruwan da birni ya yi amfani da shi aka tace aka sako. Yana da wani ɗan wari. Maulud ya tsaya a gaɓa ya shaƙa duk da haka. Rabonsa da ganin ruwa mai tafiya shekara shida.

Ya tuɓe riga, ya bar gajeren wando. Bachir ya tsaya da kular ruwan sanyi da suka zubar da ƙanƙararta, sai waige-waige yake.

"Ka ga allon can? Ni ban iya karatun boko ba, amma na ga hoton mutum a ruwa an ja masa jan layi."

"Kai dai ka sa ido a hanya. In ka ga motar masu tsaro ka yi tari."

"In yi tari? Ni da ko lafiya lau tari nake?"

Maulud ya shiga. Ruwan ya kai masa ƙugu, taɓo ya riƙe ƙafa. Ya bi gaɓar yana shafa ta da hannu a ƙarƙashin ruwa, a hankali, kamar makaho na neman ƙofa. Bai yi taku goma ba ya ji rami na farko. Ya zura hannu har gwiwa, ya ji kaushin sulke, ya damƙo ya fito da shi. Ƙarami ne, bai kai rabin wanda ake so ba. Ya sake shi.

Na biyu ma ƙarami. Na uku babu kowa. Na huɗu ya kai girma amma fari-fari ne, zanensa daban. Sulken ya fara yanyanka masa yatsu. Rana ta take. Suka ji huɗuba na tashi daga wani masallaci mai nisa, Bachir ya ce, "Yau mun rasa Juma'a saboda kifin shara," Maulud bai ko ɗago ba.

Ya fito ya yi azahar a kan dutse, jikinsa na ɗiga, ya koma. Ya daina ƙirga ramukan. Bayansa ya ƙone. Sau biyu Bachir na yin tari Maulud na nutsewa cikin ciyawa har wuya, ashe tarin gaskiya ne.

"Basarke, mu ɗauki fari-farin nan mana. Tsohon ba ya gani sosai."

"Aikin ido ya tafi, Malam Bachir. Da sabon ido zai dawo."

Bachir ya mayar da ido kan hanya.

Sai bayan la'asar, a ƙarƙashin saiwar wata bishiya da ta sunkuyo kan ruwa, hannunsa ya faɗa wani rami mai faɗi. Ya zura har kafaɗa, kumatunsa na taɓa ruwa. Can ciki yatsunsa suka taɓa wani abu mai laushi, dunƙule kamar curin gero jiƙaƙƙe. Ƙwai ne. Ya san abin da hakan ke nufi: a wajen zabbal uba ne ke zama a rami yana gadin ƙwai, yana yi musu fifita da fiffike har su ƙyanƙyashe, kuma ba ya gudu. Ya karkata hannun kaɗan. Ga shi nan kuwa, kai kamar tafin ƙafa.

Kifin ya buɗe ƙayoyinsa ya tokare bangon ramin. Maulud ya riƙe numfashi, ya nutsa kai, ya sa hannu na biyu. Suka yi ta ja. Ƙasa ta rufto, ruwa ya yi baƙi. Ya ji iska na ƙare masa, ya tokara ƙafa da saiwa ya fizgo da dukkan ƙarfinsa.

Ya ɓullo yana haki, kifin na fizge-fizge a ƙirjinsa, yana wani gurnani ƙasa-ƙasa irin na ƙurungu sak. Baƙi da ruwan ƙasa. Daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Kamar an tono wanda aka binne jiya.

"Shi ne!" in ji Bachir daga gaɓa. "Wallahi shi ne, har ya fi shi."

Kifin ya yi wani juyi, ƙayar gefe ta nufi tafin hannun Maulud, daidai kan tabon.

Ɗas. Ɗas. Ɗas.

Ƙara uku, a jere, cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Maulud ya tsaya yana kallon hannuwansa. Sun riga sun gama. Sun danna ƙayar dama a kan gwiwarsa, sun juya sun danna ta hagu, sun karya ta baya da babban yatsa, yadda mahaifinsa ya koya masa ranar da ya sami tabon nan, yadda ya yi wa ƙurungu dubu a cikin kwalekwale ba tare da ya ko kalla ba. Duk mai ƙaya, kafin ya taɓa ƙasan jirgi an karya shi. Ba a tunani, hannu ne ke yi.

Fikafikan uku suka langaɓe. Jini siriri ya biyo sulken.

"Me ka yi?" Bachir ya tambaya, kular na hannunsa a buɗe. "Maulud, me ka yi haka?"

Yau ne karo na farko da ya kira shi da sunansa.

Maulud ya tako bakin gaɓa. Ya sa kifin a kula. Ya juya ya koma ruwa.

Ya yi ta lalube har rana ta faɗi, yatsunsa na zubar da jini, yana shiga ramukan da ya riga ya shiga. Ƙanana, ƙanana, babu kowa. Da ya sake wucewa ta gindin bishiyar ya ga ƙananan karfasa sun taru a bakin rusasshen ramin suna wawar ƙwan. Daga ƙarshe wata mota mai fitila a kai ta tsaya a kan hanya, wani ya leƙo ya daka musu tsawa da hannu. Bachir ya jawo shi waje da ƙarfi.

Suka kama hanyar komawa gari.

"Ƙayar tana tsirowa?" in ji Bachir.

"Ba a kwana ɗaya ba."

"Mu sake zuwa gobe da sassafe."

"Jirgin Abu Salih ƙarfe tara zai sauka. Kai za ka ɗauko shi."

Ranar Asabar, goma da rabi, Abu Salih ya shigo falon yana dogara sanda, baƙin tabarau a fuskarsa, Bachir na biye da jaka. Ko zama bai yi ba ya nufi tankin. Maulud na tsaye a gefe, hannuwansa a baya don kar a ga yankan.

Tsohon ya cire tabarau, ya matso da fuska. Kifin ya lafe a bayan kututture, kansa kaɗai ake gani da rabin bayansa.

"Masha Allah," in ji tsohon, yana murmushi. "Ashe haka zanenka yake da kyau. Shekara biyar ina ganinka dishi-dishi." Ya ƙwanƙwasa gilashin da farce. "Ka yi kewata? Uwar Salih ta ce in gaishe ka, na gan ta a mafarki a Dammam."

Bai gane ba. Maulud ya waiga. Bachir ya ɗago ya kalle shi, idonsa ya kawo ruwa.

"Ɗana, ka cika alkawari," tsohon ya ce, ya laluba aljihu ya fito da waya. "Karanto mini lambar iƙamarka."

Maulud ya fara karantowa. Biyu. Huɗu. Tsohon na dannawa da yatsa ɗaya, a hankali. A lamba ta shida kifin ya motsa. Ya so ya hau gilashi kamar yadda irinsa ke yi, ya taso daga bayan itacen, sai ya karkata gefe guda, fikafikan na reto kamar tsumma, fararen karayar a fili. Ya faɗo ƙasa a kan tsakuwa. Ya sake gwadawa, ya sake faɗowa.

Yatsan tsohon ya tsaya.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya sunkuya har goshinsa ya taɓa gilashin.

"Wannan ba ciwo ba ne," ya ce. "Ba faɗuwa ba ce. Uku ne, kuma wuri ɗaya aka karya kowacce. Hannu ne ya yi wannan." Ya juyo. Sabon idon ja ne, yana hawaye, amma yana gani sarai. "Wa ya karya shi?"

Maulud ya ji numfashin Bachir a bayansa. Zai iya faɗin komai daga farko: bilic, dabino, kwari. Da ya faɗa, tsohon zai san nasa kifin na ƙarƙashin ƙasa, wannan kuma na bogi ne aka kawo a rufe masa ido. Mutum biyu za su fita daga gidan maimakon ɗaya, kuma babu lambar da za a ƙarasa dannawa.

"Ni ne, Ammi," ya ce, wato baffa da Larabci.

"Kai?"

"Ni ne."

"Me ya yi maka?"

"Babu komai. Hannuna ne."

"Hannunka." Tsohon ya maimaita kamar yana ɗanɗana kalmar. "Shekara goma sha huɗu ko jikokina ban bari sun sa masa yatsa ba. Dabba ce da ba ta da murya, ba ta cin abincin kowa sai dattin da ta samu. Na bar ka da ita kwana bakwai."

Bachir ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, in ka ba ni dama..."

"Malam Bachir ba ya nan lokacin," in ji Maulud da sauri, bai kalle shi ba.

Tsohon ya danna wayar ta mutu, ya mayar aljihu. Ya jawo kujera ya zauna a gaban tankin, ya ba su baya.

"Ajiye mukullin a kan tebur. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Maulud ya ajiye mukullin gidan ya fita, Bachir ya biyo shi har bakin titi, yana jan ƙafa.

"Bari in koma in faɗa masa. Wallahi zan faɗa."

"Ka faɗa masa me? Cewa matarsa ta aiko gaisuwa ga kifin kwari?" Maulud ya girgiza kai. "Koma ciki. Kar ka ƙara wanke komai. Kokwamba yanka biyu da yamma, ka soka a cokali don ta nutse. In ya ƙi ci kwana uku, to ba zai yi rai ba."

Lahadi da safe yana zaune a bakin katifarsa a ɗakin ma'aikata na unguwar Sulay, sauran mutum biyar sun tafi aiki, saƙon huruj ya shigo. Layi biyu ne da Larabci, da ranar da dole ya bar ƙasar. Ya karanta sau ɗaya. Ya kira Zouera.

"Baban Talle, an dace?"

Yana jin hayaniyar yara a bayanta, da kukan wani jariri da ba nasu ba.

"Zouera, komar Baba fa? Wadda na rataye a ɗakin baya. Wani ya fito da ita?"

Ta gane.

"Ta ƙone tare da ɗakin," ta ce. "Kwalekwalen ma sun tafi da shi."

"To."

"Yaushe?"

Ya faɗa mata ranar. Ba ta yi kuka ba, sai ta ce bari ta je, an fara rabon ruwa, in ta makara ba za ta samu ba. Layin ya katse.

Maulud ya ajiye wayar a kan katifa. Yankan da ke yatsunsa sun fara kumbura, ruwan kwarin ya shige su. Ya nemi tsumma ya ɗaure hannun, sannan ya jawo jakarsa daga ƙarƙashin gado ya fara kakkaɓe ta.